Kujerar da Na Kai wa Kawu Kumasi

Masu zuwa shagona a Batsari neman keken guragu sukan ji haushina. Mutum zai zo da kuɗinsa a aljihu, ya nuna wanda yake so, ni kuwa in ce masa ba na sayarwa sai na ga wanda zai zauna a kai. Wasu su ce na cika fi'ili, wasu su ce dabarar ƙara farashi ce. Ko ɗaya ba haka ba ne. Abin daga Kumasi na ɗauko shi, kuma na sha wuya kafin in ɗauko.

Lokacin kuɗin man fetur sun fara isowa ƙauye. An yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kowane malamin makaranta yana son keke da rediyo. Ni da na taso ina bin kasuwanni sayen fatu da ƙiraga, sai na juya na shiga sarin kekuna daga Kano, Allah kuma ya sa wa abin albarka. Ana cikin haka wani bafatake mutumin Karare ya dawo daga fataucin goro, ya ce ya ga Kawu Bala da idonsa. Kawu Bala wan mahaifiyata ne, ya bar Safana tun ban yi wayo ba, har an daina sa ran sa. Bafataken ya ce yana nan da rai a wani gidan tsofaffi a bayan garin Kumasi, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, ba mata ba ɗa. Mahaifiyata, Inna Hajo, magana ɗaya ta yi mini: "Sale, ka je ka kawo mani shi in gan shi, ko da goye ne."

Ban yi niyyar goyo ba. Na shiga Kano na nemi keken guragu, aka jera mini su, na zaɓi wanda ya fi kowanne faɗi da tsawo, mai ƙarfe fari yana walƙiya. Lissafina mai sauƙi ne. A wurinmu idan za ka ba babba riga, mai faɗi kake nema. Idan tabarma ce, babba. To wan uwa, wanda aka yi shekaru ba a gani ba, ina dalilin kai masa ƙaramar kujera?

Daga Maraɗi kujerar ta fara zame mini abokiyar tafiya mai tsada. Ɗan kamasho ya kewaye ta ya ce ai wannan ba kaya ba ce, fasinja ce, sai an biya mata wurin zama. Na ce idan fasinja ce a ba ta ruwa idan an tsaya. Aka yi dariya, aka rage mini, aka ɗaure ta a bisa buhunan albasa. Kafin mu kai Yamai duk wanda barci ya kama a saman motar sai ya hau kanta. A wani shingen jandarmomi babbansu ya sa aka sauko da ita, ya hakimce a ciki, mutanensa suna tura shi suna kewaya motar, shi yana ɗaga hannu kamar mai karɓar gaisuwa. Rana na dukanmu, fasinjoji na harara ta. Na tafa masa tare da su, na miƙa masa goro. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Da ya gaji don kansa ya sauka.

A Fada Ngurma zazzaɓi ya kayar da ni. Na sauka a gidan wani fatoma, mai masaukin fatake, Bahaushe ne, da ya ji harshena ya rungume ni yana cewa, "Kai, ɗan gida! Kwanta abinka, kayanka suna hannun amana." Na yi kwanaki ban san inda kaina yake ba. Wadda ta dube ni wata tsohuwa ce mai sayar da koko a ƙofar gidan, Bagurma, ba na jin yarenta ba ta jin nawa. Kullum da safe ta miƙo mini ƙwarya da wani jiƙo mai ɗaci, ta tsaya a kaina sai na shanye. Ranar da na iya miƙewa ta kama hannun rigata, ta ja ni har bakin kasuwa, ta nuna da haɓa.

Ga kujerata. A cikinta wani ƙato ne, ya naɗe ƙafafu a cikin tsumma, yana karɓar sadaka. Ashe fatoma haya yake ba da ita kullum. Na tsaya na kalle su, kuma in faɗi gaskiya, a matsayina na ɗan kasuwa sai da na jinjina wa dabarar. Na matsa na ce, "Sannu bawan Allah. Tun yaushe ƙafar?"

Ya ce, "Tun haihuwa, Alhaji."

Na ce, "To ni ne mai maganin." Na kama bayan kujerar na tuntsurar. Mutumin ya dira a kan ƙafa biyu, ya ratsa rumfar masu tumatir da gudu, kasuwa ta ɗauki shewa. Sai dai nauyinsa ya riga ya lanƙwasa wili ɗaya. Fatoma ya rantse bai san komai ba. Ban ja da shi ba, na ɗauki jakata. Tsohuwar na ba ta turmin atamfar da na riƙo don tsaraba, ta ƙi, sai da na ajiye a kan tukunyarta na yi gaba.

A Bawku, bayan mun shiga ƙasar Gana, na sami wani mai gyaran keke. Shi ma ba mu da yare ɗaya, amma da ya ga yadda na riƙe wilin na kanne ido ina duba karkatarsa, ya gane abokin sana'a ne. Ya matsa mini a kan benci. Shi yana ɗaure wayoyi ni ina juyawa, har wilin ya miƙe. Bai karɓi komai ba, sai ma ya raba dafaffiyar doyarsa biyu.

Kewar gida a Tamale ta kama ni. Ina zaune a tasha wani ya ce yau Alhamis, sai na ga kasuwar Batsari a idona: layin masu gero, ƙurar kara, matan Fulanin Rugu da ƙoren nono, da rumfata wani yana ciniki ba ni ba. Na nemi fura ban samu ba, na ci wani tuwon masara mai tsami a naɗe cikin ɓawo, da barkono da kifi. Daga nan muka isa bakin wani ruwa da ban taɓa ganin irinsa ba, ba a hango ƙarshensa, motoci sun yi layi suna jiran jirgin fito da ya lalace. Can muka yi zaman jira, sauro na cinmu, ni ina kwana da igiyar kujerar ɗaure a ƙafata. Bayan mun haye sai kurmi. Itatuwa suka rufe sama, ruwa na zuba ba fashi. Mutumin da ya saba ya tsaya a gona ya hangi dutsen garin gaba, a can sai ya ji kamar an kife shi da masaki.

Mutanen zangon Kumasi, unguwar Hausawa, suka karɓe ni da kyau. Limaminsu ya san Kawu, ya ce sun yi jinyarsa iyakar ƙarfinsu kafin a kai shi asibiti, daga asibiti aka wuce da shi gidan tsofaffin, wanda 'yan mishan ke riƙe da shi. Ya haɗa ni da mai raka ni.

Dogon gini ne mai baranda, tsofaffi maza da mata a jere, wasu a kekuna, wasu a benci. A ɗakin ƙarshe na sami Kawu a bisa gado, a kan wani tsohon buzun rago. Mahaifiyata ta sha gaya mini ƙato ne, yana ɗaga buhun gero da hannu ɗaya. Wanda na tarar zan iya ɗaukarsa kamar damin kara. Na durƙusa na gaishe shi. Ya daɗe yana dubana da idonsa mai kyau.

"Maganarka ta gida ce. Ɗan wane ne?"

"Ɗan Hajo ne, Kawu. Sale."

"Hajo mai kuka in an aske mata kai?"

"Ita ce. Yanzu ita ke sa wasu kuka."

Ya yi dariya da rabin baki, hawaye na bin ɗaya kuncin. Ya shiga tambaya. Tsamiyar ƙofar gida tana nan? Tana nan. Wane fa? Ya rasu. Wance fa? Ta rasu. Kowane ya ce Allah ya jiƙansa, har ya gaji ya daina tambaya. Sai na shigo da kujerar. Na sa masa sabuwar rigar da na kawo, na ɗora shi, na tura shi baranda. Tsofaffi suka yi ta tafi. Kawu ya ɗaga kai yana ce musu da yarensu daga garinsu aka aiko masa. Ranar na ji duk wahalar hanya ta biya.

Mutum ɗaya ce ba ta tafa ba. Wata mata ce gajera, kakkaura, ana ce mata Sista Ajuwa, ita ke kula da motsa jikin tsofaffin da zamansu. A gefen zango ta girma, tana jin Hausa irin tasu ta can. Ta kewaye kujerar ta dube ni.

"Kai ka kawo wannan?"

"Ni ne, tun daga Kano."

"Mutum nawa za su zauna ciki?"

Na ji zafin maganar. Na ce a raina hassada ce, kekunan gidansu duk sun tsufa.

Ba a yi nisa ba na ga abin da ta gani. Idan na zaunar da Kawu da safe, kafin hantsi ya zube gefen hagu, kafaɗarsa a kan ƙarfe, hannun da ya shanye yana lilo kusa da wili. In na gyara shi sai ya zame gaba, don kujerar ta fi cinyarsa tsawo, bakinta na tokare masa bayan gwiwa, ƙafafunsa ba su kai mataki ba. Shi kuwa ya ƙi sauka, yana alfahari da ita. Wata safiya Sista Ajuwa ta kira ni, ta sa aka juya shi, ta nuna mini ƙugunsa na hagu. Wani tsohon miki da ya warke ya sake buɗewa, ya yi ja, yana ruwa. Ni na san miki. Na ga jakuna da yawa da akumari ya ci musu baya har suka kasa tashi.

Ta ce, "Ka ce gida za ka kai shi. A haka ba zai kai Tamale ba. Mikin nan idan ya kai ƙashi, shi ke nan. Sai ya iya zama daidai, nauyinsa ya rabu biyu, ya yini fatarsa ba ta yi ja ba, sannan in bar shi ya fita ƙofar nan."

"To me za a yi?"

"A auna shi, a nemi kujerar da ta dace da shi."

Ta ciro tef irin na teloli daga aljihu, ta warware, ta nufi gadon. Kawu, mutumin da cokali ke gagararsa, ya kai wa tef ɗin duka da hannun dama har ya faɗa ƙarƙashin gado. Ya juya fuskarsa bango. Ranar bai ci abinci ba, washegari ma haka. In na yi masa magana ba ya amsawa. Sista Ajuwa ta ce shekarunsa a gidan bai taɓa yi mata gardama ba, ko allura ce.

Ina zaune a baranda ina tunanin abin da zan gaya wa Inna, sai na ga kafinta ya shigo da fensir a kunne. Wani tsoho ya cika a ɗakin maza da asuba. Kafintan ya shiga, na hango shi ta taga ya ja tef daga kan mamacin zuwa ƙafa, sannan kafaɗa zuwa kafaɗa. Akwatin gawa zai yi. Nan take na gane. A wurinmu ma ai haka ne: ba a auna mutum sai ya cika, a yanko kara a gwada tsawonsa a kai wa masu haƙa. Mutanen zamanin Kawu ko tela bai taɓa sa musu awo a jiki ba, ƙyalle ake aunawa da kamu a ɗinka riga, ta shige kowa. Shi kuma ya yi shekaru a gadon nan yana kallon wanda duk tef ya taɓa yana fita a akwati.

Na koma na zauna a bakin gadonsa. Na ce, "Kawu, ba na akwati ba ne."

Bai juyo ba. "Haka suka ce maka. Ta ga mikin, ta san abin da ta gani. Ni ba mutuwa nike tsoro ba, ɗan Hajo. Akwati nike tsoro, a rufe ni da ƙusa cikin jar ƙasar nan. Awo ɗaya nike jira, da karan dawar Safana. In ba za ka iya kai ni ba, ka faɗa mani, kada ka haɗa kai da su."

Na yi rantsuwa, na kwanta a ƙasa na ce Sista ta auna ni a gabansa. Ta auna ni tsaf. Ya leƙo ya ce, "Kai yaro ne, ba ka san abin da kake ja wa kanka ba. Tashi ka yi sadaka."

Da na bayyana wa Sista Ajuwa dalilin, ta dafe baki. Ta ce ba ta taɓa kawo wannan a ranta ba, kuma ba za ta ƙara shiga ɗakinsa da tef ba. Amma ta ce, "Duk da haka ina son in san faɗin mazauninsa, da inda nauyinsa ke sauka, da tsawon cinyarsa. Ba zan yi ta ɗaga shi daga wannan kujera zuwa waccan da miki a jiki ba. Kai ɗansa ne, ka san hanyar da za ka bi."

Hanyar tana ƙarƙashinsa. Da aka ɗauke shi za a yi masa wanka, na ɗaga buzun zan kakkaɓe, sai hannuna na tsohon mai sayen fata ya tsaya. Buzun nan da shi ya bar Safana. A kansa ya yi salla, a kansa ya yi cinikin goro, a kansa yake jingine tun da ciwon ya same shi. Gashin ya cinye a wuri biyu, inda ƙasusuwan zama ke sauka. Na hagu ya fi faɗi, ya kai har fata, ya yi santsi kamar tafin hannu, na dama kuwa da sauran gashi. Gefe da gefe ga shatin ƙugunsa ya kwantar da gashin. Na naɗe shi na kai mata bayan ɗakin girki, na shimfiɗa a kan tebur.

Ta daɗe tana shafawa. Ta ce, "Ka ga? Nan yake zubewa. Nan ne mikin." Ta ciro tef ta auna buzun. Tsawon cinya kuwa a jikin tsohon wandonsa muka samu, inda gwiwa ta yi masa kumburi ta koɗe. Ta ce wannan ya isa a zaɓi kujera, sauran sai yana ciki, kuma da yatsu ake dubawa, ba da tef ba. Ta koya mini a jikin wani tsoho mai son hira. Ka zura tafin hannu a tsaye tsakanin ƙugu da gefen kujera, ya shiga ba matsi, ba kuma sarari. Yatsu biyu ko uku tsakanin bakin kujera da bayan gwiwa. Tafin ƙafa ya kwanta a mataki, kada gwiwa ta ɗaga sama, kada ta rataya. Gwiwar hannu ta sauka a madogari ba tare da kafaɗa ta tashi ba. Sannan ka koma gaba ka tsuguna ka dubi mutumin, ka ga ko idonsa na kallon mutane ko ƙasa.

Muka bi kekunan gidan ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta yi daidai da buzun wata 'yar ƙarama ce, fentinta ya goge, kuma da mai ita a ciki: Maame Efuwa, tsohuwar mai sayar da kifi, mace mai jiki, wadda sai an tura ake shigar da ita, ƙarfen ya yi mata shati baƙi a cinyoyi. A gidan duk wanda ya zo, kujerar da ta samu ake ba shi. Sista Ajuwa ta dubi Maame Efuwa, ta dubi tawa mai walƙiya, ta dube ni.

Na ce, "Wannan kuma aikina ne. Dillanci na sani."

Maame Efuwa ba ta ba da wahala ba, tun ranar farko take satar kallon kujerar. Kawu ne aikin. Da na fara kawo maganar ya ce, "Kujerar da aka ɗauko mani tun daga gida in ba mai kifi, in hau wannan gwangwanin? A ce mutumin Safana ya koma ƙaramar kujera?"

Ban ce masa tasa ta yi masa yawa ba. Ba a gaya wa wanda ya taɓa ɗaga buhu da hannu ɗaya cewa ya ƙanƙance. Na bari sai da ya ci goro, na ce, "Kawu, shekara nawa kana cin abincin gidan nan?"

"Da yawa."

"Ga shi za mu tafi. Me za ka bar masu? Ko so kake bayanmu a ce Bahaushen nan ya ci ya sha, ɗansa ya zo da kujerar da ba a taɓa ganin irinta ba, suka naɗe abinsu suka tafi?"

Ya ci gaba da taunar goronsa. Can ya ce, "Matar nan ta sha ba ni romon kifi in 'ya'yanta sun kawo mata." Ya dube ni. "Amma a gaban kowa za a ba ta. Kuma ni zan miƙa."

Haka aka yi. Aka taru a baranda, Kawu ya ɗora hannun dama a kan kujerar ya yi jawabi da yarensu, aka ɗaga Maame Efuwa aka sa ta ciki. Ta baje, ta ja dogon numfashi, ta fara waƙa tana kaɗa kafaɗa. Shi kuma muka sa shi a ƙaramar, da soso a ƙasa wanda Sista ta rarake daidai wurin mikin, buzunsa a sama, da ɗan matashi a haƙarƙarin hagu. Na durƙusa kamar mai gyara masa riga, na zura hannu a gefen ƙugu, na sa yatsu a bayan gwiwa. Mataki ya ɗan yi ƙasa, na ɗauko sifana na ɗaga shi. Na koma gaba na tsuguna. Idonsa na cikin nawa.

Mikin bai warke da wuri ba, sai da na ƙara makonni a Kumasi. Kullum a ƙara masa lokacin zama kaɗan, a kwantar da shi a duba fata. Ni kuma da ba ni da aikin yi, Sista Ajuwa ta ce tunda ga mai sifana kyauta, mu bi sauran. Akwai wani tsohon direba da ƙafafunsa ke reto, muka ɗaura masa katako a mataki. Wata tsohuwa kanta na faɗawa baya in ta yi gyangyaɗi, kafintan nan dai na akwati ya ƙara wa kujerarta majingina. Wani kuma da kowa ke cewa mafaɗaci ne, ashe kujerarsa ce ta yi tudu, shi kuwa da ƙafa yake son jan kansa. Da muka sauke ta ya daina zagi, sai dai kuma ba a ƙara sanin inda yake ba. Wata tsohuwar kuma muka yi duk dabararmu ba ta zaunu ba, bayanta ya riga ya lanƙwashe, sai matasai muka jera mata a gado. Sista ba ta taɓa taɓa kowa ba sai ta tambaye shi inda ke masa ciwo da inda yake son zuwa in ya sami kujera. Ta ce wanda ke son zuwa bakin ƙofa kallon hanya da wanda ke son zama a teburin dara ba kujera ɗaya suke buƙata ba.

Ranar da Kawu ya zauna tun hantsi har la'asar, aka duba ba ja ba ruwa, ta tafa hannu ta ce, "Ɗauki kayanka." Ta ja mini kunne: kowane zango a sauke shi, a kwantar da shi ta dama, a duba. Maame Efuwa ta sa aka kawo mana busasshen kifi cike da kwando.

Dawowa a hankali muka yi ta, a gidan gaba na mota, buzu a ƙarƙashinsa, kujera a sama. Ba wanda ya ce wannan fasinja ce, ba jandarman da ya yi sha'awar hawanta. Muna cikin jirgin fito, ina gyara masa riga kamar kullum, sai ya ce, "Ɗan Hajo, rigar nan kullum sai ta lalace a bayan gwiwa?"

Na ce, "Yadin ne, Kawu."

"Yadin ne. Buzuna kuma da ya je bayan ɗakin girki, wanka ya je?" Ya dubi ruwa. "Ku kun auna rago, ba ku auna ni ba. Shi kau an daɗe da yanka shi, ba abin da zai same shi."

Da rana muka shiga Safana, ana sussukar gero. Na tura shi har gindin tsamiya. Inna Hajo ta fito da ludayi a hannu, ta tsaya. Yana zaune cak, kansa a miƙe. Ya ce, "Hajo, har yanzu kina kukan aski?" Ludayin ya faɗi.

Kawu ya ga damina da dama a ƙofar gidan nan. Da safe a tura shi masallaci, da hantsi 'yan goro su zo ya duba musu kaya ya gaya musu wanda zai yi tsutsa. Duk sanda na zo daga Batsari sai na durƙusa na gyara masa riga, shi kuma ya ɗaga kai sama kamar bai san abin da nake yi ba. Mikin bai ƙara dawowa ba. A wata kaka Allah ya yi masa cikawa, bayan an yi girbi. Masu haƙa suka aiko a ba su awo, wani ya tashi zai nemo kara. Na ce ya zauna. Na ɗauki lauje na shiga gonar bayan gida, na zaɓi karan dawa miƙaƙƙe, na yanko da hannuna.